Atishawar Si Allal

Ni ne na yi atishawar. Gara in faɗa muku tun yanzu, kada ku ma ku ɗora wa bawan Allah kamar yadda Kasabalanka ta yi shekara arba'in da takwas tana ɗora masa.

A 1976 'yan ƙungiyar kiɗa ta Marlow Furnace suka zo garinmu, zuwansu na farko kuma na ƙarshe. Turawa huɗu ne masu gashi har gadon baya, kiɗansu kuwa sai ka ji shi a haƙarƙari. Da la'asar aka yi wasan a wani fili na bakin teku, kuma an hana shiga da rikoda. Ni dai na ɗaure tawa a ciki da ɗankwalin innata, na zura jallabiya a kai, na maƙale makirufo a wuyan riga. Mai gadin ƙofa ya dubi tumbina, ya dubi ƙafafuna sirara, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Abokina Allal yana hagu da ni, aljihunsa cike da batir.

A waƙarsu ta bakwai akwai inda komai yake tsayawa cak, a yi tsit na ɗan lokaci, sannan mai jita ya ɓarke shi kaɗai. Saboda wannan wurin muka sayi tikiti. Aka yi tsit ɗin. Mai jita ya ɗaga hannu, mutum dubu huɗu suka riƙe numfashi, sai hancina ya ci amanata. Ba ƙaramar atishawa ba ce, tantabaru sai da suka tashi daga kan katanga.

Tsoro ya kama ni, domin mai ɗaukar sauti ko tari ba ya yi, balle wannan. Sai na juya wajen Allal na ce da ƙarfi, "Yarhamukallah!"

Shi kuma Allal ɗan gidan tarbiyya ne, ba a yi masa addu'a ya yi shiru. Bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce, "Yahdikumullah."

Shi ke nan. Na gabanmu suka waiwayo suka ce yarhamukallah, na gabansu suka karɓa, abu ya bi layi-layi har bakin dandamali. Mutum dubu huɗu suna yi wa Allal addu'a, shi kuma yana ɗaga hannu yana amsawa. Bature ya zaci zaginsa ake yi. Ya ajiye jita ya sauka, sauran suka bi shi. Bayan wata uku ƙungiyar ta watse.

Kaset ɗina kuwa ya yi suna. A ƙa'idarmu ta masu ɗaukar kaset a ɓoye ba a sayar da irin wannan, musaya ake yi, don haka kwafinsa ya bi hannu-hannu har Japan da Brazil. Muna da teburi a shagon shayin Si Mufaddal, wato Malam Mufaddal, a unguwar Darb Sultan, inda muke haɗuwa duk Lahadi da hantsi mu saurari tsofaffin kaset. Ni aka ba kujerar bakin taga. Allal aka yanke masa benci a bakin ƙofa, da sharaɗin in mura ta kama shi ya zauna a gida.

Da farko ya ce shi fa bai tuna ya yi atishawa ba. Na ce, "Haba Allal, wa yake tuna atishawa? Ba kai ka amsa ba?" Ya ce haka ne, ya amsa. Bayan shekara biyu ya fara tunawa. Bayan goma har yana ba da labarin yadda ta taso masa, wai ƙurar hular wani Basusiye, mutumin kudu, da ke gabanmu ce. Baƙi suka riƙa zuwa ɗaukar hoton hancinsa. Wani mutumin Osaka ta Japan duk shekara sai ya aiko masa da hankici. Ni ina bakin taga ina kurɓar shayin na'ana'a, wallahi wani lokacin har mantawa nake yi.

Sai bara 'yarsa Gizlan ta zo min gida. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, aikinta gyaran sauti, kuma ba ta da wasa. Ammi take ce min, wato baffa.

"Ammi Bushayib, asalin kaset ɗin nake so. Zan wanke shi a kwamfuta, in cire ƙugi da shuu, a ji shi kamar jiya aka ɗauka."

"Wanne kaset? Ai ɓera ya cinye shi tuntuni."

"Wane ɓera?" in ji matata Zuhur daga kicin. "Yana saman kabad cikin gwangwanin biskit. Ko ni ba ya bari in taɓa." Ta hau kujera ta ɗauko ta miƙa mata, har da ƙarin biskit.

Na bi Gizlan har tsakar gida ina ce mata ai shuu ɗin shi ne daɗinsa. Ta tsaya ta dube ni. "Ammi, tun ina firamare ake ce min 'yar Mai Atishawa. Na ji atishawar babana sau dubu a gida. Ko mage ba ta farkarwa."

Aka ce min tsohon kaset sai an ɗan gasa shi a tanda da sanyin wuta kafin a kunna. Na yi mako uku ina roƙon Allah ya sa ta manta shi a ciki. Ba ta manta ba.

Ranar Lahadin ta zo da kwamfuta da lasifika biyu. Mu bakwai ne muka rage a teburin, kowa da gilashinsa da maganin hawan jininsa. Si Mufaddal ya rufe ƙofa, ya ce yau an yi wa Allal rangwame, ya jawo bencinsa ciki. Ta kunna.

Kai jama'a! Ban taɓa sanin abin da na ɗauko ba sai ranar. Ana jin yatsun mai jita suna goga waya. Ana jin teku. Can baya ana jin mai gasasshen 'ya'yan kabewa yana cigiyar canji. Si Mufaddal ya cire gilashi yana share ido, ni ma na yi kuka, amma nawa da dalili biyu. Aka zo waƙa ta bakwai, aka yi tsit, sai ga ta nan tas, ba ƙugi ba shuu. Kofunan shayi suka yi ƙara a faranti.

Gizlan ta tsayar. Ta juyo mana da fuskar kwamfutar, ta nuna wani dogon tsini a cikin zanen sautin. "Hancin da ya yi wannan bai kai taƙi ɗaya daga makirufo ba. Muryar babana kuma ga ta nan, can hagu, nesa. Yanzu ku saurari abin da shuu ya rufe."

Ta ƙara murya. Tsakanin atishawar da yarhamukallah ta farko akwai wata 'yar raɗa, wani yana cewa alhamdulillah, da ɗan fito a ƙarshe irin na mai wushirya. Mutum shida suka juyo suna kallon bakina. Na rufe shi.

Si Mufaddal ya ce shi ba zai rushe hukuncin shekara arba'in da takwas a kan zanen kwamfuta ba, sai an gwada. Ya shiga ciki ya fito da garin barkono a murfin kwalba. Haka muka yi layi, tsofaffi bakwai, kowa ya shaƙa ya yi atishawa a gaban makirufon Gizlan, tana rubuta suna. Wani haƙoransa na roba suka faɗa cikin sukari. Da aka zo kan Allal ya ja baya, ya buɗe ƙafafu, ya cika ƙirji, sannan ya ce "tsit". Ya nemi a sake ba shi dama. Ya sake cewa "tsit".

Ni na yi ƙoƙarin danne tawa. Na cije leɓe, na matse hanci, na karanto duk abin da na haddace. Da ta fito, kalandar bango sai da ta faɗo. Gizlan ta ɗora zanena a kan na 1976, suka hau juna kamar murfi da tukunya.

Na miƙe tsaye. Abin mamaki, daɗi na ji, kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Na ce, "Ni ne. Ni na yi, na juya na liƙa wa Allal. Ku yi min duk abin da kuka ga dama. Allal, ɗan'uwana, ka yafe min."

"Ƙarya yake yi," in ji Allal.

Hancinsa ja wur da barkono, ya dogara a kan sandarsa.

"Baba," Gizlan ta ce, "wanke ka nake yi."

"Wa ya ce miki ina da datti? Ni na san ƙurar da ta shige ni. Na san hular." Ya juyo kaina. "Kai kuma ba ka da kunya. Kaset naka, kujera taka, kai ne gwani, ban taɓa ce maka uffan ba. Ni me na yi a duniya? Shekara talatin ina buga hatimi a ofishin ruwa, ko mai shara bai san sunana ba. Amma akwai mutum a Osaka da ya san ni. Abu ɗaya tak nake da shi, shi ma sai ka ƙwace?"

Ya matso har ina jin warin barkonon, ya ce a hankali, "Bushayib, don girman Allah, faɗa musu gaskiya."

Na dubi Gizlan, tana kallona ba ƙiftawa. Na dubi Allal. Sannan na koma na zauna.

"Tasa ce," na ce. "Hassada ce ta sa ni. Na ga ana ɗaukarsa hoto ni ba a ɗauka."

Si Mufaddal ya buga tebur ya ce dama shi bai yarda da kwamfuta ba, hukunci yana nan yadda yake. Sauran suka hau tsine min, wai tsofai-tsofai da ni ina satar atishawar mutane. Gizlan ta naɗe wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta kama hannun ubanta suka fita.

Taga a buɗe take, kuma ta ƙarƙashinta suka bi. Na ji takun sandarsa ya tsaya. Ya yi ƙasa da murya sosai.

"Gizlan, tsakaninki da Allah. Ba ni ba ne?"

Wata motar haya ta wuce, mai kifi ya yi tallarsa ya gama.

"Kai ne, Baba," ta ce. "Na'urar ce ta yi kuskure."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan hantsin ba. Na zauna har shayina ya huce, ban iya ɗaga kofin ba.