Babu Maci Amana a Gidan Nan

Shekara goma sha ɗaya da aurena, mahaifina Idwal bai taɓa taka cikin gidana ba. Iyakarsa bakin ƙofa. Laifin mijina Gethin kuwa, wai kakan kakansa ya koma bakin aiki lokacin babban yajin aikin masu fasa dutse, shekara ɗari da ashirin da suka wuce. A garinmu wannan kamar jiya ne. Abin yana ci mini rai, don Baba ya kusa tamanin, kuma ina tsoron ya mutu bai sha shayi a teburina ba.

To, ranar Asabar na tattara su a mota, da su da 'yarmu Mabli, sai tsohuwar mahaƙar dutsen allo da aka mayar gidan tarihi. Nan Baba ya yi shekara talatin yana tsaga dutse falle-falle don rufin gidaje, har ƙura ta cinye masa rabin huhu. Yanzu an share wurin tas, an shuka furanni, ga wurin shan askirim.

A hanya ta bakina suke magana, alhali kujera ɗaya ce tsakaninsu.

"Nesta, ce wa mijinki ya rage gudu."

"Yana jin ka, Baba."

"Ni dai ki gaya masa."

A ƙofa aka ba kowa hular kwano. Wata mai rakiya, wadda a haife Baba ya yi jika da ita, ta ce ya kula da kansa, rufin ramin gajere ne. Baba ya ce ya gode da ta sanar da shi. Ta nuna mana bukkar da ma'aikata ke cin abinci, an zaunar da gumaka a ciki, kumatu jajur, kowa na murmushi.

"Kaka, wanne ne kai?" in ji Mabli.

"Babu ni. Waɗannan ba sa tari."

Daga nan sai shagon tsaraba, cike da dutsen da aka yanka siffar zuciya da tumaki. Kafin in ankara Mabli ta ɗauko wani allon dutse mai huda biyu, an rubuta a kai: BABU MACI AMANA A GIDAN NAN. Rubutun da masu yajin aiki suka riƙa liƙawa a taga ke nan, don a tozarta maƙwabtan da suka koma aiki. Yanzu ga shi da ɗan ribon ja.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Gethin ya yi ja har kunne.

"Haba Mabli, ɗauki tunkiyar mana," na ce.

"Wannan nake so. A falo za mu rataye."

Gethin, bawan Allah, ya saya mata. Baba kuwa ya kafa wa silin ido kamar yau ya fara ganin silin.

Da muka iso gida Baba ya tsaya inda ya saba, yana jira in kai shi nasa gidan. Mabli ta matsa sai an rataye yanzu-yanzu. Gethin ya ɗauko guduma da ƙusa mai kauri, ya ɗora allon a bango, ya ɗaga hannu. Mijina malamin lissafi ne, ko hoto bai taɓa ratayewa daidai ba.

"Nesta! Ce masa zai fasa!"

Na yi kamar ban ji ba. Gethin ya buga ɗaya, gefen hudar ya ɓantare.

"Kai! Kai! Wa ya ce maka ana danne dutse da ƙusa? Kawo nan!"

Sai ga Baba a tsakiyar falona, da takalminsa da komai, yana haki. Ya ƙwace gudumar, ya zaɓi siririyar ƙusa, ya buga a hankali, ya bar ɗan sarari yadda allon zai yi lilo. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya kasa kunne, ya juya bayan allon ya karanta, ya yi tsaki.

"Daga ƙasar Sifen. A bakin mahaƙarmu, dutsen Sifen suke sayarwa."

Ya ja da baya yana kallon rubutun. Ya daɗe, har na fara jin tsoro. Sannan ya juya, ba wajena ba.

"Gethin. Ya karkace?"

"Daidai yake, Baba."

"Ƙarya kake, ya karkace hagu. Bar shi haka."

Ya ja kujera ya zauna a ƙarƙashinsa yana tari. Na shiga kicin na ɗora ruwan shayi, na tsaya ina kuka har butar ta tafasa.