Layin da Zaharaddeen Bai Kai Ƙarshe Ba

Wata bakwai na yi ina son Zaharaddeen, irin son da ke sa mutum ya ƙona tuwo yana murmushi. Shagon waya gare shi a Funtua, kuma kullum da yamma sai ya je inda samari ke ɗaga ƙarafa, ya turo min hoton damtsensa. Ni kuwa ina Maska ina kallo, ina jin kamar ba a taɓa halittar namiji ba sai shi. Allah ya yafe min.

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa. A gidanmu duk mai neman aure sai ya zo gayyar huɗar masara, a ba shi layinsa ya kai ƙarshe, sannan a sa wa manyansa ranar zuwa. Da na gaya wa Zaharaddeen dariya ya yi, wai mai ɗaga ƙarfe ai garma wasa ce a wurinsa.

Ranar gayyar an kwana da ruwa, rana ta fito da ƙarfi, ƙasa na tururi, ko ganye ba ya motsi. Manoma duk sun sa tsofaffin rigunan auduga masu faɗi da dogon hannu. Shi kuwa ya sauko daga babur cikin rigar ƙwallo ta leda, matsattsiya, marar hannu, ya lafta man shafawa mai kauri har damatsan na ƙyalli. Don ni ya yi, na sani.

Kaka Hajjo, mahaifiyar Baba, tana gindin ɗorawa tana gadin tulun ruwa da kunu. Ta ƙare masa kallo.

"Angona, noma ka zo ko soya ka za a yi? Shafa'atu, miƙa masa tsohuwar rigar ubanki."

Ya kalli rigar kamar an miƙa masa tsumman goge tukunya. "Barta kawai, Kaka. Jikina ya saba da wuya."

Ya sha kunu, ya ɗau garma. Farkon layin ya burge, ban ƙi gaskiya ba. Bai kai rabi ba ya saki hannu ɗaya ya soshi wuya. Can ya soshi ƙirji. Can ya yar da garmar gaba ɗaya ya kama susa da hannu biyu, yana karkacewa kamar mai rawa, har mai gangar noma ya canza kiɗa ya bi shi. Gona ta ɗauki dariya. Da ya iso gindin ɗorawa, wuyansa da bayansa sun feso da ƙananan ƙuraje, damatsan nan da nake so duk ganyen masara ya zane su.

"Ƙurajen zafi ne," in ji Kaka. "Ka toshe fata da mai, ka ɗaure ta cikin leda, zufa ta bi ta ina? Cire rigar, ka wanke man nan da ruwan tulu, ka sha iska a inuwa. Kuma ka daina susa, ƙara hura su kake. In sun lafa ka sa ta auduga ka koma, layinka na jiranka."

Na riga na ɗebo ruwan. A raina roƙonsa nake ya karɓa. Rabin layi kawai ya rage tsakanina da shi.

Bai karɓa ba. Kwanon kunun ya kalla, sannan ya kalle ni.

"Shekara uku ina motsa jiki ban taɓa haka ba. Me kuka sa min a kunun nan?"

Gangar ta tsaya. Ni na dama kunun tun asuba, har da ƙarin sukari a nasa.

"Tsamiya muka sa," Kaka ta ce. "Mutum ashirin sun sha, kai kaɗai ka zo da riga irin ta ɗaure ƙanƙara."

Zaharaddeen ya hau babur, hannu ɗaya na tuƙi, ɗaya a ƙeya, ya bar garmar inda ta faɗi. Wani ya tashi zai ƙarasa layin, Baba ya ce a bar shi.

Bayan kwana uku Zaharaddeen ya rubuto. Wai mai kemis ya ce ƙurajen zafi ne, ya ba shi hoda, ya ce ya riƙa sa kaya masu shan iska yana wanka da ruwan sanyi. Babu ban haƙuri ko ɗaya. Tambayarsa kawai, ko Baba zai yarda ya turo 'yan ƙwadago su ƙarasa masa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na gama na tafi gona. An yi iska a makon, masarar gayya duk tana tsaye, sai rabin layin nan da ba a tara wa ƙasa ba, ya kwanta rashe-rashe. Na ɗauki hotonsa na tura masa. Shi ne hoto na farko da ya taɓa samu daga wurina, ban kuma jira amsa ba.