Tsinken da Bai Kai Ciki Ba

…kuma ai ba ƙarya ta rubuta ba. Wannan dai a bar mata shi. Ba ta sauya suna a jikin kwalba ba, ba ta taɓa takardar sakamako ba, tsinken gwajin nan ya shiga hancin mutumin, wallahi ya shiga. Iyaka dai… bai kai inda ya kamata ya kai ba.

Sista na tsaye gaban famfo a ɗakin killace masu korona, tana wanke hannun da ta riga ta wanke. Sabulu, ruwa, sabulu. Shekara goma sha tara tana aikin jinya. Ita ce fa mai koya wa sababbin ma'aikata yadda ake gwajin: ka ɗaga haɓar majinyaci, ka tura tsinke mai auduga can ƙuryar hanci, ka murza, ka ƙirga biyar. Har da maganarta da kowa ya haddace, idan ido bai kawo ruwa ba, ba a yi gwaji ba. Kwaikwayon muryarta suke yi a ɗakin shan shayi, suna zaton ba ta sani ba. Ta sani. Daɗi ma take ji.

To idon Baba Tela bai kawo ruwa ba. Sau biyu. Talata da Laraba.

Yanzu ga matarsa a gado na huɗu. Da hantsin nan aka turo ta, robar iska a hanci, ƙirji na hawa yana sauka kamar wadda ta yi gudu — wane gudu, matar da gwiwa ta hana ta zuwa ko ƙofar gida? Shi da bakinsa ya faɗa. Kullum sai ya faɗa. Tsohuwata ba ta fita, Sista, ni ne kasuwarta, ni ne rediyonta.

To a ina ta kwaso?

Mutane na shiga gida ai. Maƙwabta. 'Yarsu. Mai kawo ruwa. Cutar da ke yawo a gari, wa ya isa ya ce ga ƙofar da ta shigo? Babu wanda zai iya rantsewa. Babu…

Ruwan ya yi zafi, ba ta janye hannun ba.

Kwana talatin da biyu Baba Tela ya yi a gadon jikin taga. Tsoho mai sankarar jini, magunguna sun cinye masa garkuwar jiki ƙarƙaf. Zazzaɓi ya sauka tun a kwana na tara, yana cin abincinsa tas, yana tsokanar masu shara, yana kushe ɗinkin rigar kowa. Wane mugu ne ya ɗinka miki wannan aljihun, Sista? Amma gwaji — akwai. Kwana goma sha biyu, akwai. Sha takwas, akwai. Ashirin da biyar, akwai. Waɗanda suka same shi a ɗakin sun warke sun tafi, waɗanda suka biyo bayansu ma sun tafi, shi yana nan yana musu sai wata rana. Dokar ɗakin kuwa guda ce: sai an samu babu sau biyu a jere. Ya zare wani zare daga gefen zanin gado, kowace safiya ƙulli ɗaya, yana nuna mata. Kin ga carbina ya kusa cika.

Kuma Likita bai ɓoye wa kowa ba. A taron safe, alƙalami a bayan kunne, yana buga allo da yatsa: yawancin mutane bayan kwana goma abin da gwaji ke gani gawar ƙwayar ce, ba ta iya komai. Amma irin su Baba, jikinsu ba shi da ƙarfin korarta. Tana iya zama da ranta wata guda, wata biyu, yana fitar da ita yana murmushi. Kada a yi sake da shi.

Wace ce ta fi kowa gyaɗa kai a wurin? Wace ce ta ce, kun dai ji ko, tana hararar ƙananan ma'aikata? Kai, Sista. Kai!

Talata. Hancin ya sha tsinke har ya gaji, bushasshen jini a bakin ƙofarsa. Ta ɗaga haɓarsa, ya kama mata wuyan hannu ta saman safar roba. 'Yata, a hankali. Hancin nan ya zama tsumma, allura ba ta da wurin kamawa. A kan matashi wayarsa ce, hoton jikar da aka haifa yana kwance a nan, jaririya ja wur, bai taɓa jin nauyinta a hannu ba. Sai hannun Sista ya… me za a ce? Ya tsaya. Ya shafi bakin hancin, ya ɗan murza, ya fito. Audugar fara fat. Ta jefa a kwalba, ta rufe, ta rubuta suna da rubutunta mai kyau.

Tausayi ne. A ce tausayi ne.

Ta so a ce tausayi ne. Amma ruwan nan da ke zuba bai yarda ba, ita ma ba ta yarda ba. Gajiya ta yi. Ta gaji da zama bakin da ke cewa akwai. Kowace safiya idon nan biyu na bin ta tun daga ƙofa, Sista yau fa? Ta so ko sau ɗaya ta shigo da labari mai daɗi a hannunta, a sa mata albarka. Shi ke nan. Abin da ta saya ke nan da numfashin matar mutane, a ce mata Allah ya yi miki albarka.

Ta Talata ma a ce kuskure ne, hannu ya yi sanyi. Ta Laraba fa? Ran Laraba ai ta ga sakamakon jiya, babu, ta kuma san dalilin babun. Wata ƙaramar nas ce ke da gwajin ranar, ta riga ta sa safa. Bari, ni zan yi masa, ya saba da hannuna. Ta karɓe tsinken daga hannun yarinyar mutane. Da gangan. Da idonta biyu.

Ranar sallama har tafi aka yi. Masu shara sun yi layi, an ɗauki hoto, ya ɗaga zarensa mai ƙulli talatin da biyu sama. Likita ya je gaban allon da yake tara lissafinsa, kowane majinyaci da yawan kwanakin da ya yi yana fitar da ƙwayar, ya rubuta talatin da biyu, ya ja layi a ƙasa. Lambar na nan har yanzu, ga ta can da jan alƙalami. Ba jikin Baba ne ya ba da ita ba. Hannun nan ne, wannan da ke cikin kumfa.

Kwana shida ke nan da sallamarsa.

Ƙwanƙwasa gilashi. Kada ki juya. Ta juya.

Baba Tela ne tsaye a baranda, bayan gilashin da 'yan'uwa ke leƙen nasu, takunkumi ya zame masa ƙasan hanci. Ya rame ko idonta ne? Yana ɗaga mata hannu biyu, yana nuna gado na huɗu, yana nuna ta, yana dafa ƙirji. Amana. Amana yake ba ta! Ya ɗan juya gefe ya yi tari, ƙarami, irin na gyaran murya. Ko ba irin na gyaran murya ba. Da ƙasa za ta tsage…

Gobe Alhamis. Nan ne abin yake. Gobe ranar ƙarin maganinsa ce a ɗakin masu sankara, kujeru takwas a jere, gwiwa na gogar gwiwa, awa huɗu ana hira ruwan magani na ɗiga. Ta yi shekara uku tana aiki a can, ta san su. Malamar makaranta mai hular saƙa. Direban da ke raba wa kowa alewa. Babu mai garkuwar da za ta tare ko mura a cikinsu. Kuma ɗazu a bakin ƙofa Likita ya ce, shi Baba ai ya warke, sau biyu babu, kuma hannun Sista ne, ba sai mun sake wahalar da shi ba. Matar dai wani wuri ta kwaso. Ya je shan maganinsa gobe.

Kuma hannun Sista ne. Haka ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Magana ɗaya ce. Likita, a sake gwada shi, ban kai ciki ba. Sai ya cire alƙalamin daga bayan kunne. Sai ya kalle ta. Sai a goge jar lambar, a kira gidan da jaririyar take, a dawo da tsoho gadon jikin taga ya nemi sabon zare, a gaya masa dalili — wa zai gaya masa? Sai ɗakin shan shayi ya samu sabon abin kwaikwayo. Idan ido bai kawo ruwa ba… Shekara goma sha tara. Ko kuwa ta yi shiru. Wataƙila gawar ƙwayar ce. Wataƙila mai kawo ruwa ne. Wataƙila kujeru takwas ɗin nan…

Ta rufe famfo. Safa. Tire. Kwalba, tsinke. Gado na huɗu na jiran gwajin farko.

Tsohuwar ta buɗe ido, ta ƙura shi a kan sunan da ke ƙirjin rigar Sista, tana jan kalma ɗaya ɗaya tsakanin numfashi.

"Ke ce… mai hannu mai taushi? Malam ya ce… in roƙa a ba ni ke."

"Ɗaga haɓa, Mama."

Tsinken ya shiga. Ya wuce bakin ƙofa, ya wuce inda ya tsaya ran Talata, ya tafi can ƙurya inda ya san hanya tun shekaru. Murza. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Idon tsohuwar ya cika, ruwa ya gangaro ta gefen robar iska.

"Ai ya ce… babu zafi."

A bayan gilashi hannun Baba Tela ya sauka a hankali. Tela ne. Idonsa ya san tsawon abu tun daga nesa, ya ga iya tsinken da ya ɓace a hancin matarsa. Yana kallon tsinken. Yana kallonta.

Takalmin Likita a bayanta, ƙwas, ƙwas, takardar masu zuwa ƙarin magani gobe a hannunsa, ya nufi ƙofa.

"Likita."

Ashe muryar ta fita. Ya tsaya, hannu a kan mariƙin ƙofa.

"Na'am, Sista?"

Kwalbar na hannunta ba ta rufe ba, bakinta a buɗe cikin takunkumi inda babu mai gani, kuma tsohon bai matsa daga jikin gilashin ba…