Allurar Auta a Firjin Ƙungiya

Ranar da kotu ta rushe ƙungiyar masu sayar da kifi, baban Auta bai damu da rabon kaya ba. Hankalinsa yana kan firjin ƙungiyar, inda yake ajiye allurar ciwon sukarin 'yarsa, don gidansu babu wuta.

Ya tarar ma'aikacin kotu ya kashe janareta, zai datse ƙofa da kwaɗo.

"Ranka ya daɗe, maganin yarinyata yana ciki."

"Duk abin da ke ciki yana hannun kotu, malam."

"Har allura? Wa zai saye ta a gwanjo?"

Mutumin ya ja tsaki, ya ba shi hanya. Baban Auta ya fito da kwalaben a hannu, rana tana dukansu. In suka yi zafi, sun lalace.

Duk layin mutum ɗaya ke da firji mai sola: Dogo, wanda ya kai ƙungiyar ƙara. Tun lokacin ko gaisawa ba sa yi.

Baban Auta ya tsallaka titi.

"Dogo, akwai wuri a firjinka?"

Dogo ya dubi kwalaben.

"Kawo kafin su dahu. Rigimarmu ba da Auta ba ce."