Ajin Malam Gajere a Gonar Kafin Soli

Juma'a, sha huɗu ga watan Nuwamba, ana sallame salla, kafin ma mutane su nemi takalmansu — a nan abin ya fara, kuma Malam Gajere ba zai yarda a sauya masa ranar ba. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta kwanan wata a kusurwar allo kafin ya ce wa yara su zauna. Ranar ce Jaji ladan ya hura lasifika ya ce jama'a a taimaka da addu'a, malaminmu Malam Gajere ba ya jin daɗi, abin ya taɓa kai. Masallaci guda ya ɗauki amin. Shi kuwa yana sahu na biyu, garas da shi, har ya ɗaga hannu zai shafa kafin ya gane sunan wa aka kira.

Yau ma Juma'a ce. Yana zaune gindin bishiyar bedi a harabar masallacin, liman bai fito ba tukuna. Ga wani saurayi ya durƙusa — ɗan wa ne ma? — yana jan magana a hankali kamar mai lallashin jinjiri: ya jiki, Malam? Jiki! Da can ya gida ake ce masa, ya gona, ya hutu. Yanzu Kankia kaf ta koma masu dubiya.

Me ya yi? Karatu. Karatu kawai. Jarrabawar shiga digiri na biyu, fannin labarin ƙasa, ranar Laraba mai zuwa a jami'a. Laifi ne? An rubuta a wani wuri cewa wanda ya yi ritaya ya zauna jiran likkafani? Ai ba yau ya soma ba. Ya taɓa yin shirin nan tun gemunsa baƙi, sai ciwon matarsa Halimatu Sa'adiya ya zo, aka rufe littafi aka buɗe hanyar asibiti... sai ta tafi. Sai renon yara, sai aiki, sai ga furfura. Bana ya kakkaɓe littattafan, gara ta ci gefen biyu, ya sayi sabon tabarau, ya zauna. Ya karanta shafi, ya rufe — wayam. Ya sake. Kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

A shirin farkon nan, Sa'adiya a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ƙafa miƙe, ita da ba ta taɓa zama a bencin makaranta ba. Shi yana kai da komo a tsakar gida yana yi mata bayanin zaizayar ƙasa. Ba ta ko ɗaga kai.

"To Malam, in ruwan ya kwashe ƙasar, ina yake kai ta?"

Abin da ya koya mata a wancan lokacin, ga shi nan daram a kansa har yau. Malami ba ya riƙe abin da bai koyar ba, shi ke nan sirrin. Sai ya faɗa da baki, sai ya ga aji a gabansa. To ina ajin? Gidan ya zama na ɗansa Abdurrahim da matarsa, kowa ido a waya. Shi ya sa da aka yanke dawa a gonarsa ta hanyar Kafin Soli ya jera dammunan sahu-sahu, ya ɗauki kara, ya share ƙasa ta zama allo. Kuma abin ya yi! Wallahi ya yi. Karatu ya fara zama.

Inno mai nono... ba ya riƙe ta da komai. Ta biyo ta kan iyakar gonar da ƙwarya a ka, ta tsaya. Me za ta gani? Dattijo cikin rana yana nuna damin dawa da kara yana cewa kai na baya, tashi ka maimaita. Da kuka ta kai wa Abdurrahim labari a kasuwa, wai tausayi, wai mutumin kirki irin Malam. Ita ba ta sani ba. Amma Jaji? Jaji da ya zauna a gabansa a aji huɗu, majina har baki? Shi ya koya masa gabas da yamma, gabas ɗin da yake fuskanta yau yana kiran salla. Gidansa da nasu, jifa ɗaya. Ya taka ya zo ya ce Malam, mi ke faruwa? Bai zo ba. Lasifika ta fi kusa.

Ga abin da kalma ɗaya ta jawo. Makullin babur ya ɓace daga kan ƙusa. Rubutun sha a kwano kullum safe, an rufe da faifai. Ya ce kada a kwaso dawar zuwa rumbu sai bayan Laraba, sai aka kalli juna. Abdurrahim, kai a sunkuye: Baba, a bar tafiyar nan sai an samu sauƙi. Sauƙin me? In ya ɗaga murya, a ce abin ya motsa. In ya yi shiru, a ce ya lafa. Ta wace ƙofa mai hankali zai fita ya nuna yana da shi? Gobe in aka nemi shaida a unguwa, wa zai kira shi? Wa zai kawo masa ɗa ya ce Malam duba mini shi?

Liman ya fito. Sahu... kafaɗa da kafaɗa, amma na damansa ya bar 'yar tazara. Allahu akbar. A ajiye komai.

An sallame. Gwiwoyinsa na zugi.

Jiya a gona, yana lissafa abubuwan da ke kawo zaizaya. Ruwa. Iska. Sai... ya tsaya da kara a sama, dammuna na jiransa. Abin da ya koyar har ba adadi. Bai zo ba sai da ya kama hanyar gida. Kuma saurayin nan na ɗazu, ya san fuskar, ya san uban, sunan fa? Da safe matar Abdurrahim ta kawo masa kunu, ya buɗe baki ya ce ajiye nan, Sa'adiya. Yarinyar ta ajiye ta fita da sauri.

Tsufa ne. Gajiya ce. Wa ba ya mantuwa? Wanda ya daɗe bai yi noma ba dole hannunsa ya yi kanta, ba karyewa ya yi ba. Ko kuwa... ko Inno ta ga wani abu da shi bai gani ba? A'a. To ko da haka ne — ko da haka ne — nasa ne, shi zai fara sani, a ɗakin jarrabawa, takarda a gabansa. Ba a lasifika ba. In zai faɗi, a bar shi ya je ya faɗi da hannunsa.

Jaji ya miƙa hannu ga lasifikar, za a fara sanarwar ɗaurin aure da cigiyar akuya. Malam Gajere ya dafa ƙasa ya miƙe. Wani ya ja gefen rigarsa daga baya, Abdurrahim ne, Baba don Allah. Kawuna na juyowa. Jawabin da ya tsara, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa, wanda ya maimaita wa dammuna har ya zauna... ina yake? Wayam. Saura abu ɗaya, shi kaɗai bai gudu ba.

"Jaji," muryar ta fito irin ta aji. "Kada ka aje ta. Nan ka faɗa, nan za ka janye. Ka ce ba ka tambaye ni ba. Ka ce karatu nake. Ka ba ni haƙuri da sunana, da ƙarfi, yadda na bayan sahu za su ji. Ina tsaye."