Hatimin Shaihu Mani'u

Kwana biyu Turawan Ingila suka yi suna saukowa daga jirgin yaƙinsu zuwa majalisar Shaihu Mani'u bin Ubaid, mai mulkin garin Nadba, a sha gahawa, a ci dabino, a tashi ba a ƙulla komai ba. Abu uku suke so a takarda: kada jirgin Nadba ya sake fita teku da igwa, kada Shaihu ya yi magana da wata daula sai da saninsu, kuma a ba mutuminsu gida a cikin gari. Shaihu ya yarda da na farko da ƙyar. Sauran biyun kuwa ya ce ko ubansa ne ya taso daga kabari ba zai sa masu hatimi ba.

Ran kwana na uku suka ce shi ma ya zo jirgi ya ga nasu masaukin. Ƙin zuwa tsoro ne a idon jama'a, don haka ya shirya. Kafin ya fita ya shiga wurin yayarsa Ausha, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ya zare zoben azurfan da hatiminsa yake jiki ya sa mata a yatsa.

"Yaya, ko wa ya zo ya ce ni na aiko shi, kada ki bayar."

Da hantsi kwale-kwale ya dawo ba Shaihu a ciki, sai tafintan Turawa, wani ɗan Basra mai suna Mirza Ja'afar. Ya tsaya bayan labule ya ce Shaihu yana gaishe ta, ya ce ta ba da zobe. Ausha ta tambaye shi ko da bakin ƙanenta ya ji haka. Ya rage murya ya ce Shaihu bai ce uffan ba tun da aka janye tsanin jirgi aka tsare shi, amma in aka kira azahar zobe bai isa ba, igwa za ta yi magana. Ta sa aka zaunar da shi a zaure, aka ba shi ruwa, ta ce ya jira azahar ɗin tare da su.

Ladan bai gama kiran salla ba harsashin farko ya faɗa kan jiragen masu nutson lu'ulu'u da ke kwance a bakin gaɓa. Katakon ya sha man kifi, sai ya kama da wuta kamar busasshiyar ciyawa. Na biyu ya sauka a kasuwar kifi. Daga saman soro Ausha ta ga rumfuna sun tashi sama, ta ga wata mata tana gudu da zane yana ci da wuta har ta faɗi, ba ta sake motsi ba. Hasumiyar bakin ruwa ta rushe kan masu gadinta. Sai igwa ta yi shiru gwargwadon a sha gahawa, ta kuma farawa. Ausha tana ƙirga kowane bugu, tana murza zoben har yatsan ya kumbura, ba ta sauko ba.

Abin da ya sauko da ita ihu ne a ƙofar gida. Buti ne, ɗan baffansu, da mutum shida riƙe da takubba. Tsoho Mubarak mai tsaron ƙofa ya tare hanya da sandarsa, Buti ya sare shi a wuya ya tsallake gawar.

"'Yar baffa, miƙo zoben nan. Ƙanenki ya ƙare, gari kuma yana ci da wuta saboda taurin kanku."

Ta ce in ya isa ya je ya karɓo izini a wurin mai shi. Ya yi dariya, ya ce shi ya riga ya gama magana da Turawa tun shekaranjiya, hatimi kawai ya rage, gobe shi ne Shaihu. Ta dunƙule hannu. Ya mare ta ta faɗi, ya take mata wuyan hannu, ya zaro wuƙa ya fara yankar yatsan. Ta ji ƙarfe ya taɓa ƙashi, ta ciji ƙafarsa har bakinta ya cika da jini.

Ana cikin haka masunta da masu nutson lu'ulu'u suka ɓarko cikin gidan. Sun zo ne su tilasta mata ta ba da zoben. Amma a hanya wani ya lura cewa jiragen Buti kaɗai ne ba sa gaɓa, tun jiya aka janye su bayan tsibiri, magana kuwa ta bazu kafin su iso cewa da saninsa aka kawo harin. Suka same shi durƙushe a kanta da wuƙa. Ba wanda ya tambaye shi komai. Da mashin kifi da filafilan tuƙa jirgi suka gama da shi a tsakar gida, mutanensa biyu suka bi shi lahira, sauran suka haura katanga.

Sannan suka jawo Mirza Ja'afar daga zaure, suka fasa masa kai, suka ɗora masa wuƙa a maƙogwaro. Ausha ta miƙe tana layi, ta ce duk wanda ya yanka shi ya yanka Shaihu, domin ba mai faɗa wa Turawa maganarsu sai shi. Ta tambayi mutum nawa suka mutu. Aka ce talatin da ɗaya, ban da waɗanda ke ƙarƙashin hasumiya. Ta naɗe hannunta da gefen mayafi, ta ce a kawo kwale-kwale da farin ƙyalle.

Ita da kanta ta hau jirgin, tafintan yana biye da ita. Ta tarar da Shaihu zaune a kan kujera tsakanin sojoji biyu, an karɓe wuƙarsa, yana fuskantar hayaƙin garinsa. Ta zare zoben daga yatsan da ke reto, ta ajiye a gabansa da jininsa.

"Na ce ki riƙe, Yaya."

"Na riƙe har mutum talatin da ɗaya. In kana son ƙari, ga shi nan, kai ka riƙe."

Ya daɗe yana kallon hannunta. Sannan ya ce wa tafinta a kawo tawada. Ya buga hatimi a takarda biyu, ta Larabci da ta Turanci, shugaban Turawan ya miƙo masa hannu ya ƙi karɓa.

Da la'asar suka koma, aka yi ta binne mutane har washegari. Yatsan ya ruɓe, wanzami ya cire shi. Bayan wata biyu mutumin Turawa ya iso, aka sauke shi a gidan Buti. Shaihu ya yi shekara tara yana mulki bayan haka. Kullum yana aika wa Ausha da kifi da shinkafa daga ɗakin girkinsa, amma bai ƙara taka ɗakinta ba, ita ma ba ta aika a kira shi ba.