Hanya Biyu Ta Rage Wa Mai Aski

Tela tana riƙe da hannun matar mai aski lokacin da likita ya ɗaga hoton kan mijin a gaban fitila. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Da matar ta buga mata ƙofa da safe, ko ɗankwali ba ta gama ɗaurawa ba ta biyo ta asibiti.

"Ruwan ya sake taruwa masa a ka," in ji likita. "Robar da aka sa masa, mai kai ruwan cikinsa, ta toshe, karo na uku ke nan. Cikin ya daina shanye ruwan, duk ya manne saboda yawan yanka."

"To yanzu fa, likita?" in ji matar.

"Saura hanya biyu. Mu bi da robar ta jijiyar wuya zuwa zuciya, amma ƙwayar cuta na iya shiga jini. Ko mu sauke ta a ƙirji, amma ruwan na iya danne huhu."

Matar ta juyo wajen tela. "Yaya, ke me kika gani?"

Shekara ashirin tela tana yanka yadin mutane ba tare da fargaba ba, amma wannan ba yadi ba ne. In ta zaɓa ya mutu fa?

Daga kan gado mai aski ya buɗe ido da ƙyar, ya shafa gefen kansa da aka aske.

"Wa ya yi min wannan aika-aika? Ko da kwalba na fi shi iyawa."

Babu wanda ya yi dariya sai shi.

"Ku bar Yaya ta huta," ya ce. "A kai ta zuciya. Ina tsoron in rasa numfashi."

Aka yi aikin. Kwana biyu yana gane kowa, har ya nemi madubi. Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe shi, haƙoransa suna haɗuwa, gadon ƙarfen yana kaɗawa. Tela ta yi ta matse tsumma a ruwan sanyi, tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Kafin azahar ƙirjin ya daina motsi.

Ita aka aika gidansa ta share tsakar gida kafin a kawo gawar. A ƙofar shagonsa ta tarar da wani dattijo zaune kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana jiran a buɗe.